Takwararki Ta Ƙi Nono, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma tun da aka kai ki makwancinki a Pauwa ban sami kunnen da zan faɗa wa wannan magana ba. Ɗan karatun yaƙi da jahilcin nan da kike yi mini dariya a kansa, yau ga ranarsa.

Inna, takwararki ba ta da lafiya. Yarinyar da na haifa bayan rasuwarki ce, aka mayar mata da sunanki, ake ce mata Uwani. Ko tafiya ba ta fara ba, ga ni da wani cikin. Na yi kwanika, abin da kika fi ƙi a duniya.

Ba mantawa na yi da karatunki ba. Ina tuna ki a bakin murhu kina dama wa Yaya kunun kanwa lokacin jegonta, kina cewa nono shi ne ƙyauren mahaifa. Muddin yaro na tsotso dare da rana, uwa kuma ba ta ga jininta ba, to ƙofa a rufe take. Mu da kika haifa, sai ɗaya ya iya kora awaki kafin a yi masa ƙane. Kin kuma sha alwashin ranar da na haihu za ki riƙe ni a ɗakinki sai na yaye, in mijina ya matsu ya zo ya gaishe ki daga zaure ya koma. Allah bai nufa ba. A gidan miji na yi jegona, nan Damari.

Ashe rabin maganarki na riƙe. Na sa ido a kan jini, na sake da tsotso.

Ba ki ga yadda duniya ta koma ba. Kuɗin mai ya zubo, samari sun jingine fartanya sun bi mota. Baban takwararki ma ya sami aiki a wata masaƙa a Kaduna. Da ya zo ganin gida ya zo da rediyo, da atamfa, da madarar gwangwani mai hoton jariri ɓul-ɓul, da wata kwalba mai bakin roba, wai ita bulumboti. Ya ce ita 'ya'yan ma'aikata ke sha. Ba da mugunta ya kawo ba, Inna, so ne. Ni ma kaina ya yi girma, don matan unguwa sun yi ta shigowa kallo kamar an kawo amarya. In ba ta kwalba ta yi barci mai nauyi, ni in samu in yi surfe. Nono ya koma sai jefi-jefi. Jini kuwa bai zo ba, saboda haka da ya dawo hutun Sallah ban juya masa baya ba. Jinin da nake jira ya gargaɗe ni, har yau bai zo ba.

Uwar mijina ce ta fara ganewa, daga yadda nake gudun warin daddawa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma ya fi mini. Ta ce nonon mai ciki dafi ne, a cire yarinya a ranar. Ita ta jiƙa maɗaci, ni na shafa a nono da hannuna. Takwararki ta rarrafo tana dariya, ta kama, ta saki, ta ɗago ta dube ni. Wannan kallon nake gani duk inda na juya.

Madarar nan kuwa ba ta da auki, ga mai kawo ta yana Kaduna. Na riƙa rage cokali ina ƙara ruwan rijiya, har ta koma kamar ɗaurayar ƙwarya. Sai zawo ya sa ta gaba. Yanzu gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, kukan ma ba ya fita sosai.

Ranar kasuwa na goya ta muka je ɗakin shan magani a Sabuwa. Wata ungozomar gwamnati ta duba ta, ta tambaye ni, na faɗa mata komai kaina a ƙasa. Maganarki ta maimaita mini, kamar a bakinki ta ji: tsotson ne ke riƙe ƙofar, da zarar ya ragu ciki na iya shiga tun jini bai dawo ba. Ta ƙara da wadda ta fi yi mini ciwo, wai nonon mai ciki ba dafi ba ne, in mayar da yarinya.

Da muka dawo na wanke da sabulu, na sake wankewa, na tura ƙyauren ɗaki kamar mai shirin sata, na ɗora ta a cinya. Akwai sauran ruwa, Inna, na matsa na gani. Na kai mata baki. Ta damƙe leɓɓanta, ta juya fuska bango. Jiya haka, yau ma haka. Ta riga ta san abin da uwarta ke bayarwa.

'Yar fari ce, kin san ba ni da bakin yi mata kuka a gaban mutane. A ce mini ya mai jiki, in ce da sauƙi, in ci gaba da tankaɗe. Na cikin ya fara motsi, na kasa yi masa murna, Allah ya yafe mini. Tsoro nake ji, Inna. Na gaji, kuma ban ga mafita ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya kai ladan goyonmu mizaninki. Allah ya tashi kafaɗar takwararki, ya mantar da ita ɗacin nan. In kuwa ya ƙaddara za ta riga ni zuwa wurinki, ki karɓe ta, ba za ta ɓace miki ba, da idanunki ta zo. Ki gaya mata na wanke.

'Yarki mai kewarki,
Delu, daga Damari