Gidan Tanko da Gidan Illo

Mayahi, daren Laraba, farkon bazara

Alhamdu lillahi, foraj ɗin Gidan Tanko, wato rijiyar burtsatsen da za mu gina musu, bai kuɓuce ba. Da safe shef, shugabanmu a ofis, ya ce in soke shi, tunda masu gina sun sha yawo a arewacin Issawane, duk matasan da suka tambaya sun ce ba su san garin ba. Raina ya ɓaci, don ni na ɗauko sunan daga tsohuwar taswirarmu ta ma'aikatar ruwa.

Sai na buɗe sabon tsarin nan na ƙasa, inda kowace ma'aikata ke zuba taswirarta wuri ɗaya. Da na ɗora ta masu rigakafi a kan tamu, wani Gidan Illo ya faɗo daidai inda muka sa Gidan Tanko. Na kira Madam Rabi ta ma'aikatar lafiya.

Ta ce, "Malam Sani, ai Tanko ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Illo ke riƙe da garin, sunan kuwa ya bi shi. Ku dai hanzarta, rijiyarsu ta rufta, matan sai sun yi nisa da jakuna kafin su samu ruwa."

Allah ya saka mata da alheri. Da bara ne, sai an yi ta jiran sa hannun manya kafin in ga taswirarsu. Ni ne ma mai ƙorafin tarurrukan Maraɗi a kan tsarin nan, ina cewa ɓata lokaci ne.

Gobe masu gina za su koma. Na shigar da sunan uban da na ɗan tare, kada ranar da Illo ya bi mahaifinsa garin ya sake ɓacewa.