Garuruwa Shida, Yara Uku

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da yara kuna lafiya kamar yadda nake. Jirginmu ya tsaya sauke kaya, na samu intanet, shi ne na ce bari in yi sauri kafin mu koma teku a daina jin ɗuriyata.

Albishirinki, hutuna ya fito, kuma ya dace da na makarantar yara. Wannan karon ba gida zan zo ba, ku za ku taso mu haɗu a ƙasar da zan sauka. Na riga na tsara komai: garuruwa shida cikin mako biyu. Mu kwana a na farko, da sassafe mu hau jirgin ƙasa zuwa na biyu, inda ake ɗaga wata gada jiragen ruwa su wuce. A na uku akwai gidan da ake kallon kifaye ta gilashi, a na huɗu akwai tsauni da ake hawa cikin ƙaramar mota mai tafiya a rataye. Sauran biyun sai kin gani da idonki. Babu inda za mu yi zaman banza. Ina ɗakin inji ina ta jan layi a taswira har abokan aiki suka fara yi mini dariya.

Ki fara haɗa kaya, jaka ɗaya kowa. Ki gaishe da Malama da Ɗan Tsakiya, ki shafa mini kan Auta.

Naki,
Abban yara

Abban yara,

Wa'alaikumussalam. Muna lafiya, sai kewarka. Saƙonka ya same ni a bakin wanke-wanke, na fara karantawa a tsaye, sai da na nemi kujera.

Garuruwa shida. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Kai ka saba jirgi ya tsaya, a sauke kaya, a ƙara gaba. To waɗannan kayan naka suna da ƙafa da baki, kuma ba sa jin fitsari sai ƙofar jirgi za ta rufe. Ɗan Tsakiya ko motar makaranta zai shiga sai na cusa masa leda a aljihu saboda amai. Malama ta kai shekarun da in ka tashe ta da sassafe za ka sha harara har azahar. Auta kuwa in bai yi barcin rana ba, duk unguwa sai ta sani. Jaka ɗaya kowa? Kayansa kaɗai sun fi ƙarfin jaka, ga keken tura shi.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Jiya mai gyaran famfo ya zo duba bututun kicin, Auta ya bi shi har ƙofa yana ce masa Abba. Na yi dariya a gaban mutumin, da ya fita na shiga banɗaki na yi kuka. Yaron nan yana rarrafe ka tafi, yanzu har musu yake yi da ni. Wannan hutun kaɗai muke da shi ya san ka. In muka ƙarar da shi a guje daga tasha zuwa tasha, bayanka kawai zai gani kana jan akwati.

Ka rage. Uku ma sun yi yawa, amma zan haƙura.

Taka,
Maman yara

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta, kuma ba zan ɓoye miki ba, maganar mai famfo ba ta yi mini daɗi ba. Da kin bar ta a cikinki.

Na cire gari na biyar. Na kuma samo jirgin ƙasa mai gadaje, mu yi doguwar tafiyar muna barci, kin ga an huta. Yara suna bukatar ganin duniya, ba kullum ake samun irin wannan dama ba. Ana kirana a ɗakin inji, wani famfon mai yana yoyo. Gobe za mu tashi.

Naki,
Abban yara

Abban yara,

Ina gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake. Ka cire gari ɗaya, ka mayar da barcinmu kan ƙarfe mai jijjiga, wai an huta.

Na shimfiɗa taswira a teburin falo ni da Malama, muna bin layinka da yatsa. Ita ta fara lura. Ta ce, "Mama, ai duk bakin ruwa ne, ko wajen aikinsa zai kai mu?" Tun ranar nake safa da marwa a gidan nan, in buɗe akwati in rufe, in ninke riga in warware.

Na tuna zuwanka na ƙarshe. Ka gyara fanka, ka gyara ƙofar banɗaki, ka kwance injin wanki da lafiyarsa ƙalau ka sake ɗaurawa. Kullum da safe kana kasuwa neman wani ƙarfe. Ban taɓa ganin ka zauna har shayinka ya huce ba. Me kake gudu ne, Abban yara?

Fasfo ɗin yara sun fito. Mai sayar da tikiti yana ta kirana, na ce ya dakata. In biyar ɗin nan ne, ka zaga abinka kai kaɗai, mu muna gida. Ba fushi ba ne, na gaji da ganin yara suna haddace muryarka a waya.

Taka duk da haka,
Maman yara

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ki yafe shirun, mun daɗe a tsakiyar teku. Saƙonki shi na fara buɗewa da muka tsaya, na karanta ya fi a ƙirga.

Malama ta yi gaskiya. Duk garuruwan nan na tsaya a bakin ruwansu ina kiran ku a waya, ina cewa a raina wata rana sai na kawo su nan. Wannan rabin amsa ce. Ɗaya rabin ya fi nauyi. In taswira na hannuna, ni ne Abba wanda ya san hanya, ya san jirgin da za a hau. In aka rufe mu a ɗaki babu inda za a je, ban san me zan ce wa Malama ba. Na bar ta tana wasa da 'yar tsana, yanzu ke kike gaya mini tana harara. Auta kuma tsoro nake ji in ɗauke shi ya fasa kuka ya miƙa miki hannu. Inji in ya ƙi ni na san inda zan taɓa.

Na soke tsarin. Garuruwa biyu. A na farko na kama mana ɗan gida mai kicin, da filin wasan yara a tsallaken titi, a nan za mu yi yawancin zaman. Daga can gajeriyar tafiya ce zuwa garin kifaye, da rana, bayan Auta ya tashi barci.

Sai dai ki taimake ni da abu ɗaya, kuma kada ki yi dariya. Me mutum yake yi da yaro ƙarami tun safe har yamma in babu inda za su?

Naki,
Abban yara

Abban yara,

Wa'alaikumussalam. Na yi dariyar, ka yi haƙuri, sannan na goge ido.

Ba a yin komai. Ka cire takalmi ka zauna a ƙasa. Kada ka kira shi, kada ka miƙa hannu. Zai leƙo ka ta bayan kujera, ya koma, ya sake leƙowa. Wataƙila ranar farko ba zai zo ba, har ta biyu ma. Kai dai kada ka tashi.

Allah ya kai ka tudu lafiya. Sai mun iso.

Taka,
Maman yara