Baba Yana Lulluɓe Farantin Sola da Tabarma

Assalamu alaikum Gwaggo Mariyamu. Don Allah ki agaza mini, na kawo abin arziki gida amma yana neman ya haɗa ni da mahaifina.

Ni mutumin Bahindi ne a ƙasar Bagudo, ina fataucin albasa zuwa bakin iyakar Benin. Baba tsohon direba ne. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya karɓi lasin, kuma har gobe wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin. Yana da tsohuwar a-kori-kura da ake kira 'Yar Baba, ita kaɗai ce mota a unguwarmu. Ranar Juma'a kawai take fita, shi ya sa kafin mako ya zagayo batir ya kwanta. Sai abokansa, su Baba Namadi da Ɗanaudu da Arzika, su taru su naɗe hannun riga su tura ta gangaren bakin rijiya, shi yana ciki yana ba da oda. In ta tashi su ɗare baya a tafi masallacin Juma'a. Tun ina yaro haka na tarar.

Bara waccan naƙuda ta kama matata Rahmatu da hantsi, ranar kasuwa, maza duk sun watse. Na murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba. Ni da mata biyu muka tura har muka gaji, daga ƙarshe a kan babur na kai ta asibiti. Allah ya bar mini Rahmatu, amma ɗan bai zo da rai ba. Abin nan bai bar zuciyata ba, ga shi yanzu tana da cikin wata takwas.

To Gwaggo, sai Allah ya haɗa ni da wani bakanike a bakin iyaka, ya nuna mini farantin sola wanda bai fi faifai biyu ba, da wayoyi ja da baƙi da ake maƙala wa batir. Na kawo na ɗora a kan motar. Bayan mako guda na murɗa makulli, wallahi bugu ɗaya ta tashi. Na kashe na sake tayarwa, na sake, har sau bakwai, ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Rahmatu ta leƙo ta rangaɗa guɗa. Ki duba ikon Allah, ranar nan da muke kuka da zafinta ita ce yanzu ke ciyar da batir, ba janareto, ba fetur. Na bi majalisa majalisa ina ba da labari, har na ce wa Baba Namadi a gaban jama'a ya je ya huta, yanzu rana ke tura mana mota, ba mu buƙatar kowa.

Mako uku muna cikin daɗi, sai na dawo daga tafiya na tarar batir ya sake kwanciya. Ina dubawa, ga farantin an lulluɓe shi da tabarma har da dutse a kai. Baba ya ce ranar ƙasarmu ba abin da ba ta ci, kuma mai son kayansa ba ya barin shi a rana. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce ya ji. Washegari na samu farantin a ɗakinsa naɗe cikin bargo. Na sake ɗora shi a kan motar, jiya kuma ya mayar da ita can cikin inuwar darbejiya. Ina tsoron ko tsufa ne ya fara taɓa shi, don mutumin da ya yi shekara hamsin da mota bai kamata abin nan ya gagare shi ganewa ba. Ya kuma rage magana. Juma'a biyu ke nan shi kaɗai yake tafiya, don abokansa sun koma bin baburan 'ya'yansu. Wai Baba Namadi ya ce shi bai taɓa hawa motar wani a banza ba, turin nan shi ne kuɗin motarsa. Ni dai ban ga abin damuwa a nan ba, ai sauƙi ya samu.

Shin in sa a liƙe farantin da walda, ko in karɓe makullin? Ba na son saɓa wa Baba, amma ba zan iya sake tsayawa ina murɗa makulli Rahmatu tana durƙushe ba.

Ɗan Direba, Bahindi

Wa alaikumus salam Ɗan Direba. Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya sa mai ceto ne. Murnarka ta fito har cikin tawada, kuma ka cancanci yin ta, don dabarar da ka kawo mai kyau ce kuma tsoronka gaskiya ne.

Amma Baba lafiyarsa lau. Direban da ya yi shekara hamsin a hanya ya san abin da tabarma ke yi wa farantin nan, da gangan yake. Amsar tana cikin wasiƙarka, ka rubuta ta ka wuce da gudu. Kai batir ka ga ana tayarwa ranar Juma'a, shi kuwa zumuncin shekaru ne, kuma ranar ce kaɗai da har yanzu yake direba mai ba da oda. Ka zo da murna ka sallami abokansa a bainar jama'a. Shi kuma ya yi kuskure, don bai kamata ya sa rai biyu cikin haɗari saboda kewa ba, sai dai ina zaton bai ɗora abin a ma'aunin da ka ɗora ba. Ka taɓa zama ka gaya masa abin da ka gaya mini game da ranar nan ta kasuwa?

Ka bar maganar walda da karɓe makulli. Ka je gidan Baba Namadi da goro ka ba shi haƙuri, ka ce ƙuruciya ce da ɗoki. Sannan ka samu Baba shi kaɗai ka faɗa masa tsoronka ba kwana-kwana, ka ce jikansa kake nema wa hanya.

Na tambayi bakanikena. Ya ce a ƙara tsawon waya mai kauri, a kafa farantin a kan rufin zaure inda zai sha rana, mota kuma ta zauna a inuwarta yadda Baba yake so. A sa ɗan akwatin da ke yanke caji in batir ya cika, a riƙa goge ƙura da duba ruwan batir, a kuma cire wayoyin kafin a tayar. In batirin ya tsufa a gwada shi, don sola ba ta rayar da matacce. Ka damƙa wa Baba wannan aikin, ba wanda zai fi shi kula. Kada tanki ya zauna ba mai, kuma in kwanaki sun matso Rahmatu ta koma kusa da asibiti in da hali.

Bakaniken ya kuma tabbatar mini cewa mota mai cikakken batir ba ta ƙin turi. Saboda haka ranar Juma'a Baba ya sa makulli yadda aka saba, ka bar dattawa su biya kuɗin motarsu, kai ma ka naɗe hannun riga ka shiga layi. Su tura ta duk Juma'a, ranar naƙudar Rahmatu kuma ta tashi bugu ɗaya, Baba na riƙe da sitiyari.

Allah ya sauke ta lafiya, ya bar ku tare da Baba.

Gwaggo Mariyamu