Hancin Mai Turare

Maman Rabi,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, inda kike ba a kai saƙo. Amma ai ko kina da rai ban taɓa jiran amsarki kafin in ci gaba da surutu ba.

Bari in fara da yaba wa korona, tunda an ce a faɗi alherin baƙo. Baƙuwa ce mai kunya. Sati biyu kacal ta yi a gidanmu, ko tuwonmu ba ta ci ba, ta yi sallama ta tafi. Sai da muka duba kaya muka ga aikinta: ni ta tafi da hancina, ke ta tafi da rabin numfashinki. Mai sayar da turare a raba shi da jin ƙamshi? Ɓarayin kasuwa ma ba su kai ta iya zaɓe ba.

Gida lafiya. Rabi ta haihu a Rigasa, mace, an mayar da sunanki. Tun yanzu da tsiwarki take kuka. A kasuwa kuwa har yau ba wanda ya gano ni. Dillali ya kawo almiski, in shafa a bayan hannu, in lumshe ido, in gyaɗa kai kamar alƙali, alhali da shi da ruwan famfo duk ɗaya ne a wurina. Shekara uku ke ce kika rufa mini asiri. In dawo da audugar da na shafa wa turarukan a aljihu, ki shinshina, ki ware mini na gaske da wanda aka surka, gobe in je in yanke hukunci. Yanzu fuskar dillali nake karantawa. Wanda ya cika rantsuwa, kayansa gauraye ne.

Akwai abu biyu da ban faɗa miki ba. Lokacin kulle, da nake cewa zan duba Yaya a Rigachikun, kasuwa nake zuwa ta bayan layi, in buɗe rabin ƙofar shago. Ba ni ne mai cewa ciwon masu hawa jirgi ne ba? To, ban hau jirgi ba, a ƙafa na kawo miki shi.

Na biyun ya fi nauyi. Likita ya hana ki hayaƙi. Daga ɗaki zuwa madafa sai kin dafa bango kina haki. Amma in na haɗa sabon turaren wuta, ke ce kike barbaɗa shi a kasko, ki sunkuya, ki ce a ƙara sandal, sannan tari ya sarƙe ki. Na ji tarin nan, Maman Rabi. Kunnena korona ba ta taɓa shi ba. Na yi kamar ban ji ba, ke ma kika yi kamar ba ki san na ji ba. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, malam ya ce kwana ne ya ƙare. Duk gaskiya suka faɗa. Ni dai ki yafe mini.

Ranar da aka kai ki, na ɗauki mayafinki mai ruwan toka, wanda ya sha humrar nan da ke kaɗai kika san haɗinta. Na naɗe shi a leda, na cusa a gwangwanin madara, na toshe. Na san sana'ata, ƙamshi ba ya jiran kowa. Rabi kaɗai na faɗa wa sirrina, ita ke buɗewa in ta zo, ta faɗa mini ko ƙamshin yana nan. Zuwanta na ƙarshe ta ce saura kaɗan.

Ga babban labarin. Shekaranjiya ina tsallake kwatar bakin layinmu, sai na ji wari. Wari sosai. Na tsaya a kanta ina shaƙa, hawaye na zuba, mai shayi yana kallona kamar na taɓu. Na ruga gida na buɗe gwangwani, na tusa fuskata a mayafin. Ba komai. Likita ya ce in yi haƙuri, wani a wata yake dawowa, wani a shekara, wani kuma sai dai a hakan.

Allah ya haskaka makwancinki, ya ba ki ƙamshin Aljanna ki shaƙa ba tari. Sai na zo. Amma ke da kika fi ni sanin haɗi, in hancin nan ya gama dawowa ya tarar mayafi ya gama hucewa, warkewa za a kira wannan?

Naki har kullum,
Sale mai turare, Unguwar Shanu