Gishirin da Na Ba Fulawar Badagry

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Na iso Argungu da fulawar nan cikin leda. Shekara shida ina sai da albasa Badagry, kullum ina ganinta bakin teku, jajawur, iskar gishiri ba ta hana ta komi ba. Na dasa ta bayan gida, sama da fangalin irin albasar Yaya Tamba. Inno, mahaifiyarmu, ta ce, "Ana cin ta?" Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya.

Asabar, 7 ga Oktoba
Ta yi yaushi. Na ce kewar teku take. Na ɗebi gishiri kwano guda a madafa, na jiƙa a bokiti, na kwarara mata. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 11 ga Oktoba
Na ƙara.

Asabar, 14 ga Oktoba
Innalillahi! Irin Yaya ya ƙone, daidai inda ruwana ke gangarawa. Ƙasar ta yi fari fat. Wanga iri kuwa shi ne noman ranin gidanmu duka.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Yaya ya ɗora wa matarshi Ummu Hani laifi, wai ruwan wanki ta zuba. Ta rantse har da kuka. Ni Riskuwa, da gemuna, ina tsaye ina kallon takalmina.

Laraba, 18 ga Oktoba
Birnin Kebbi, wurin Nu'uman mai sai da shuke-shuke a Nasarawa. Na tambaye shi ko fulawar na son ruwan gishiri. Ya ce, "Jure gishiri take, ba so ba. Wane gwani ya ba ta?" Na ce wani abokina. Kaico.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Kwana biyar Yaya bai yi wa Ummu Hani magana ba. Yau ta aje mini tuwo ta ce, "Ka yi haƙuri, miya lami ce. Ban san yadda anka yi gishiri ya ƙare ba." Ta dube ni. Ta sani, kuma ba ta faɗa ba.

Asabar, 21 ga Oktoba
Na faɗi gaskiya, gaban Inno, gaban Ummu Hani. Da ma Yaya ya zage ni, da ya fi mini. Fartanya kawai ya miƙo mini, ya kasa duban matarshi.

Litinin, 23 ga Oktoba
Mun kwashe ƙasar, mun sake yafa iri, a makare. Fulawar ta yi sabon toho, marar kunya. Na ɗaga fartanya in tumɓuke ta, Ummu Hani ta ce, "Bar ta. Ita mi ta yi?"

Na bar ta. Kafin in ba ta ruwa sai na ji bakina na tambayar Yaya ko wanga ruwa ya yi mata.