Rubutun fensir da na goge

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Abba? Auta ya daina kukan zuwa makaranta?

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Karatu yana tafiya, sai dai har yanzu ban yi ƙawa ba. Ranar Asabar nakan je shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai. Shi kaɗai ke hira da ni.

Na sayi littafi a wurinsa, na wata marubuciyar Amurka, kan tsuntsayen daji. Duk gefen shafukan rubutun fensir ne. Kin san yadda kika hore mu da tsabtar littafi, sai na zauna na goge shi tas.

Jiya ya ce mini, "'Yata, kin karanta abin da marigayiya matata ta rubuta a ciki? Ke kaɗai na yarda na sayar wa."

Na sunkuyar da kai na ce, "Eh, Baba."

Umma, ban taɓa yi wa babba ƙarya ba. Asabar mai zuwa zan faɗa masa gaskiya, ko da zai daina kula ni. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
'Yarki ta fari