Sinus Talatin Rabi Ne

Tamanrasset, ranar Jumma'a

Zuwa ga ƙanwata Munawwara,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya karatu a lekkol? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya na ɗaukar bulo, shi ma kada Inna ta ji.

Kin tuna bara, kina wanke-wanke kina rera haddarki ta lissafi, "sinus talatin rabi ne," ina cewa wannan waƙa ba ta sa tuwo a kwano? To, Allah ya kama ni.

Makon jiya aka kai mu Tahifet kafa allon sola na injin ban ruwa. Mai gidan aikinmu ya ce a karkata shi digiri talatin. Tsawon allon mita biyu ne, amma wayarsa ba caji, ya kasa lissafa nawa ƙafar ƙarfe ta baya za ta fi ta gaba tsayi. Sai na ji muryarki a kunnena, har da ƙarar kwanoni. Na ce, "Rabin biyu, mita ɗaya."

Ya harare ni ya ce, "Idan ƙarfen ya lalace, ka bar aikina."

Aka yanka ƙarfen. Da wayar ta tashi ya duba ya ga daidai ne, sai ya miƙo mini abin awo. Yanzu ni ke awo, bayana ya huta!

Sai dai nan haddata ta tsaya, don da kin kai arba'in da biyar nake ficewa daga gida. Don Allah ki rubuto mini sauran kafin ya gano iyakar ilimina. Dariyar da na yi miki kuwa, ki rama, na yarda.

Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Yayanki, kuma ɗalibinki,
Muntari